Hannun da ke Shafi na Talatin da Ɗaya

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta dawo daga makaranta, ko takalmi ba ta cire ba ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Mama, wai da gaske Kawu ne Mai Raɗa?"

Fensir nake fiƙewa a lokacin. Na ci gaba da murzawa har bakinsa ya karye.

Bari in jera abin a takarda ko kaina zai sauka. Shekara goma sha huɗu ke nan ina yi wa kamfaninmu zanen littattafan yara. Bana muka fara wani jeri na labaran gaskiya a kan 'yan leƙen asiri na zamanin yaƙi. Na uku a jerin shi ne labarin masu wankin garin nan, waɗanda suka riƙa isar da saƙo da igiyar shanya a kan idon sojojin mamaya. Farar riga biyu a jere, hanya lafiya. Baƙin wando a tsakiya, kada kowa ya zo. Shekara biyu suna yi, sai wata safiya aka kwashe mutum goma sha huɗu, domin wani ya yi magana. A tsofaffin takardun da marubucinmu ya tono an shafe sunan mutumin da baƙar tawada, hoto kuwa babu. Shi ya laƙaba masa Mai Raɗa, ni kuma aka ce in ba shi fuska a shafi na talatin da ɗaya. Makon jiya aka raba littafin a makarantu.

Na ce wa Auta, "Wa ya gaya miki wannan shirmen?"

Ta ce duk 'yan ajinsu ne, kuma ba shirme ba ne, ƙa'ida suka bi. Ta buɗe mini shafi na goma sha biyu, inda muka koya wa yara cewa ɗan leƙen asiri nagari ba tufafi yake kallo ba, abu uku yake kallo: kunne, hannu da tsayuwa. Ta ce, "Kunnen hagu a tsage. Yatsu biyu ba sa lanƙwasawa. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Uku cif, Mama."

Kawu ƙanen Inna ne, mahaifiyata. Shekara arba'in yana gyaran agogo a ɗan teburinsa ƙarƙashin barandar kantin magani, daura da ƙofar makarantar. Babu yaron da zai shiga ko ya fita bai gan shi ba.

Mun koya musu lura, sun kuwa lura. Da kawun wata ne ba nawa ba, da na ce littafin ya yi aikinsa.

Talata, bakwai da rabi na safe

Na raka Auta har ƙofar makaranta, abin da rabona da yi tun tana aji ɗaya. Kawu na nan a wurinsa, ɗan madubin nan a maƙale a ido ɗaya, ya duƙufa a kan wani agogo. Na ɗaga masa hannu daga tsallake, ya ɗaga mini. Ban tsallaka ba. Na nuna masa da hannu cewa sauri nake, sannan na tafi na tsaya rabin awa ina jiran mota.

Talata, bayan la'asar

Na shiga wurin editarmu, wadda muke kira Jan Biro a bayan idonta, ita ma ta sani. Na ajiye mata shafin, na gaya mata. Ta tura tabarau saman goshi, ta duba, ta sake dubawa.

Ta ce, "Ke ma dai! Duk fuskokin da Allah ya halitta a duniya, ki rasa wadda za ki ɗauko sai ta gidanku?"

Na ce ban sani ba, hannuna ne ya tafi.

"Hannunki ya tafi, idonki yana ina? Ba ke kika sa hannu a bugun gwaji ba?"

Na ce gajiya ce, zane ashirin da biyu a mako uku.

Ta juya biron a hannu. Jan Biro dai bakinta ne mai kaifi, cikinta ba haka yake ba. Ta ce za ta nemi izini a buga ƙaramar takarda da sabon zane a manna a kan shafin, makaranta bayan makaranta, amma sai an ɗauki kwanaki. Ta ƙara da cewa, "Yara ne, za su manta. Makon gobe wani abin za su samu." Na fito ina jin sanyi a raina, har na sayi sabon fensir a hanya.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Ba su manta ba.

Auta ta ce da aka tashi sun yi layi a bakin titi suna rera "Mai Raɗa, Mai Raɗa, me ka raɗa?" Ta ce ita ba ta yi ba, na kuma yarda da ita, don idonta ya kumbura. Wani ya samo baƙin wando ya rataye a ƙusar da Kawu ke rataye lemarsa. Kada kowa ya zo ke nan. Sun karanta littafin da kyau, 'ya'yan mutane.

Na yara mai sauƙi ne. Auta ta ce wani dattijo ya zo ya karɓi agogonsa ba a gama gyarawa ba, marfin a hannu ɗaya, agogon a ɗaya. Na san shi da kwatance. Mahaifiyarsa tana cikin sha huɗun, sunanta na shafi na talatin da uku.

Na tambaye ta me Kawu ya yi. Ta ce ya cire wandon, ya kakkaɓe, ya ninke shi da kyau, ya ba mai gadin makaranta ko mai shi zai zo nema.

Na kulle kaina a banɗaki na yi kuka mai isata. Ina jin kunya, ina jin tsoro, ban san wanne ya fi ba.

Juma'a, takwas na safe

Teburin a kife, ba kowa.

Asabar, bayan azahar

Na je gidansa. Ɗakin nan nasa ɗaya da baranda, agogon bango bakwai, kowanne da lokacin da ya ga dama, domin Kawu ya ce mai gyara ba ya gyara nasa. Na same shi zaune bakin gado da akwatin kayan aikinsa a rufe kusa da ƙafa.

Tun ina jaririya Kawu "Yaya" yake ce mini, domin sunan babbar yayarsu aka sa mini, wadda a gida ake kira Yaya Babba. Yau da na yi sallama ya ce, "A'a, Malama mai zane ce? Bismillah, ga kujera." Ya tambaye ni maigida, ya tambaye ni yara ɗaya bayan ɗaya, ya tashi ya dafa mini shayi da kansa. Da ya zage ni da ya fi mini.

Na ce, "Kawu, kuskure ne, wallahi. Za a gyara. Za a manna wani zanen a kai."

Ya ce, "To."

Na ce, "Ka koma teburinka, ni zan je in ga shugabar makarantar."

Ya ce bayansa ne ke ciwo, yana ɗan hutawa ne. Sai can da na miƙe ya ce, "Littafin nan, kowa ya gani ban da ni. Ko ba a ba tsofaffi?"

Akwai kwafi a jakata tun ranar Litinin. Na miƙa masa. Ya karɓa da hannun hagu, ya sa ƙarƙashin matashi bai buɗe ba.

Litinin, takwas na safe

Teburin a kife. Mai kantin magani ya ɗora kwalayen banza a kai.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Kwana biyu ina ƙoƙarin sabon zanen. Takarda goma sha ɗaya na yaga.

Maigida ya leƙo ya ce, "Ki zana ni mana. Ni ba wanda ya san ni, ko a gidan nan ma sai ana neman mai canza ƙwan lantarki." Na yi dariya, ta farko a mako guda. Na zaunar da shi na fara. Da na gama ya duba ya ce, "Hancin dai nawa ne, Allah ya saka. Amma wannan hannun na wane ne?"

Matsalar ke nan. Sauran masu zane daga kai suke farawa, ni daga hannu nake farawa, sannan in gina mutum a kansa. A gefen teburin Kawu na koya. Inna tana wurin aiki, ni ana tashi makaranta sai in tsallaka in zauna a kan akwatinsa, ya yago mini bayan takardar batir ya ce, "Yaya, zana abin da ke gabanki." Abin da ke gabana kuwa hannunsa ne, yana riƙe da hantsaki da yatsu uku, biyun nan a miƙe kamar masu nuna hanya. Na zana hannun nan ya fi sau dubu. Shi ya saya mini akwatin kala na farko. Shi ya je ya tsaya wa Inna a kai lokacin da ta ce zane ba sana'a ba ce.

Ban taɓa tambayarsa me ya sami yatsun ba. A gidanmu ba a tambaya.

Laraba, bayan la'asar

Na je wurin Inna. Guga take yi. Inna in ranta ya ɓaci guga take yi, har abin da aka riga aka goge. Na ga mayafin teburi a cikin tarin, na san ta ji labari.

Na ce, "Inna, kin ji abin da ya faru?"

Ta ce, "Miƙo mini ruwan can."

Na miƙa. Ta yayyafa, ta danna dutsen guga, tururi ya tashi.

Na ce, "Kawu ya daina fita. Ko za ki je ki yi masa magana?"

Ta ce, "Ke da kika ɗaura, ke za ki kwance." Sai ta juya rigar ta ce, "Kin dai zana Yaya Babba da kyau. Har wushiryar."

Eh, ban rubuta wannan ba tukuna. Yaya Babba tana shafi na talatin da uku ita ma, ta biyar a jerin. Daga hoton nan guda ɗaya da ke ɗakin Inna na zana ta. Marubucinmu bai san 'yar'uwar mahaifiyata ce ba, ban gaya masa ba. Cikin sha huɗun, biyar suka dawo. Ba ta cikinsu.

Na zauna har aka gama gugar. Na taimaka mata da ninki.

Alhamis, shida da rabi na safe

Ƙarya na yi wa Jan Biro, na yi wa Kawu, na kuma yi wa takardar nan da nake rubutu a ciki.

Gaskiya ne hannuna ne ya tafi. Amma ranar da aka kawo bugun gwaji na gani. Na buɗe shafin a kan teburina, na ga kunnen, na ga yatsun, na gane shi. Minti biyar ya ishe ni in lanƙwasa yatsu biyu in cike kunne. Na zauna ina kallonsa, sannan na ɗauki biro na sa hannu.

Ina da shekara goma sha ɗaya na dawo ɗaukar littafin da na manta, na ji Inna da Kawu a ɗaki. Ba faɗa suke ba. Muryar Inna ƙasa-ƙasa, ta ce, "Da ka ƙara kwana ɗaya kacal." Shi ke nan abin da na ji. Na koma da baya ban ɗauki littafin ba, aka dake ni a makaranta, ban damu ba.

Shekara talatin da ɗaya ina ɗauke da jimlar nan, ban san inda zan ajiye ta ba. Sai na ajiye ta a gaban yaran gari duka. Me nake so ya faru? In ya gani ya yi magana? Ko so nake in gani ko zai musa? Ban sani ba. Abin da na sani, mutumin da ya koya mini riƙe fensir na soka da fensirin.

Juma'a, takwas na safe

A kife. Na sauke kwalayen da kaina, mai kantin yana kallona.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Jan Biro ta haɗa ni da marubucin a ofishinta, domin an ba da izinin manna takardar. Farfesa muke ce masa, ko da yake bai taɓa koyarwa ko'ina ba, jakar takardunsa ce ta ja masa. Mutumin kirki ne, amma in ya fara magana a kan majiya sai ka nemi wurin zama.

Ya ce shi rubutunsa ba za a taɓa ba, zane kawai za a canza. "Ni abin da takarda ta faɗa nake rubutawa, Malama. Ba na ƙari, ba na ragi."

Na ce to ya nuna mini takardar. Ya ji daɗi ma, ba a cika tambayarsa ba. Ya zaro kwafin, shafi ɗaya ne, sunan a shafe da baƙi. Na bi shi layi-layi da yatsa. A sama akwai ranar da aka kama mutumin. A ƙasa akwai ranar da ya ba da bayani. Na ƙirga da yatsu kamar 'yar aji biyu.

Na ce, "Kama shi aka yi? A littafin ka ce ya je ya raɗa musu."

Ya ce, "To, ai taƙaitawa ce. Yara 'yan shekara tara ne."

Na ce, "Kwana goma sha ɗaya ne tsakani."

Ya gyara zama. Ya ce ƙa'idar masu wankin, duk wanda aka kama ya daure kwana uku, sauran su samu su watse. Bayan uku ba a bin sa komai. Ya sa wannan a rubutun farko, aka cire don shafin ya cika.

Jan Biro ta ce, "Ni na cire." Ta cire tabarau ta ajiye. "Na ce yara jarumi suke so da mugu, kada a rikita su."

Akwai wurin shekaru a takardar, ba a shafe shi ba. Goma sha tara.

Na nemi izini na fita baranda. Farfesa ya biyo ni da kofin ruwa, yana ta ba ni haƙuri bai san na mene ne ba.

Talata, bayan azahar

Kwana uku ake bin sa, ya ba da goma sha ɗaya. To me ya hana su watsewa? Na tambayi Farfesa ta waya, ya ce takarda ba ta faɗa ba.

Ban yi zane ba yau. Na wanke labulen falo.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Kawu ya kira ni da safe, ya ce in na sami sarari in leƙo. Na bar komai na tafi.

Littafin na kan cinyarsa, ya sa guntun takarda a wurare da yawa. Ya karanta shi da madubin aikinsa, kamar agogon da aka kawo gyara. Ya ce batun farar riga daidai ne, amma ba a kan rufin gida ake shanyawa ba, a bayan gidan burodi ne, inda ake hangowa daga gada. Ya ce tawadar lemon tsami da muka koya wa yara wasa ce, ba wanda ya taɓa amfani da ita, ina aka ga lemon a lokacin. Ya ce Yaya Babba ta fi haka tsawo. Ni dai ina ta cewa to.

Sai ya buɗe shafin. Ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Kawu, na gani kafin a buga. Na gani na bari." Ban san lokacin da na sauko daga kujera na durƙusa ba.

Ya ce, "Na sani. Wanda ya koya miki kallo ai ya san ba kya kuskuren yatsa. Tashi, ƙasan da sanyi."

Ban tashi ba. Ya juyo littafin wajena, ya ɗora yatsa a kan fuskar.

"Hannun kin same shi. Kunnen ma. Amma kin yi kuskure biyu. Wannan tsoho ne, shi kuwa yaro ne, ko gemu bai fara ba. Na biyu kuma," ya matsar da yatsan kan bakin, "kin sa shi yana murmushi. Bai yi murmushi ba, Yaya. In za ki gyara, wannan za ki gyara."

Bai ce "ni" ba ko sau ɗaya, ni ma ban sa shi ya ce ba. Na tambaye shi ko zai koma teburinsa. Ya ce yara ba su dame shi ba, yaro abin da aka ba shi yake ci. Ya ce, "Manya ne. Shekara arba'in suna miƙo mini agogo suna kallon agogon. Yanzu hannuna suke kallo."

Alhamis, sha ɗaya na safe

Na kai wa Inna kwafin takardar Farfesa. Ba ta ganin ƙananan rubutu yanzu, na karanta mata ranakun biyu da ƙa'idar kwana ukun.

Ta ce, "Na san ƙa'idar. Ni nake kai wa Yaya Babba sabulu."

Na ce, "To Inna, me ya hana su tafiya?"

Ta kashe dutsen guga, abin da ban taɓa ganin ta yi da sauran kaya a gabanta ba. Ta zauna.

"An zo an ce su watse tun kwana na biyu. Yaya ta ce ba inda za a je. Ta ce, 'Ƙanena ne, ni na goye shi, ba zai yi magana ba.' Suka biye mata. Sai a kwana na goma ta yarda a nemo mota, motar kuma sai jibi." Ta kalli hoton da ke bango. "Ita ba ta nan balle in yi fushi da ita. Shi ne ya dawo."

Na ce Kawu ya daina cin abinci sosai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta ce in tafi, tana da aiki.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Na gama zanen jiya, zama ɗaya. Yaro ne zaune a ƙasa a kusurwar ɗaki, ya kifa kai a gwiwa, ya cusa hannayensa a ƙirji. Ba fuska, ba kunne, ba yatsu. Jan Biro ta duba ta ce, "Wannan zai sa yara kuka." Na ce su yi. Ta ɗauki biron, ta riƙe shi a sama, ta mayar ba ta taɓa komai ba.

Farfesa ya kawo sabon rubutun da hannunsa, layi uku: "An kama shi yana ɗan shekara goma sha tara. Ƙa'ida ta ce ya daure kwana uku, ya daure goma sha ɗaya. Ba mu san abin da aka yi masa a kwanakin nan ba." Ya cire sunan Mai Raɗa daga kan babin.

Ranar Litinin za a fara mannawa, da makarantar su Auta. Na san gam ba ya goge abin da ido ya riga ya gani. Auta ma ta ce 'yan ajinsu za su ɗaga takardar a rana su hango na ƙasa, don shafi na goma sha takwas ya koya musu haka.

Na kira Kawu a waya na karanta masa layi ukun. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce in zo da wuri ranar Litinin, akwatin ya yi masa nauyi.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Na ɗauki akwatin, shi ya ɗauki lema. Muka juyo da teburin, na goge ƙurar da gefen mayafina. Ya jera hantsaki da 'yan sukudirebobinsa a kan tsumma, ya maƙala madubin. Ba wanda ya zo. Masu wucewa suna gaida mu daga nesa, da sauri. Awa biyu muna zaune haka, shi yana goge abin da ba ya buƙatar gogewa.

Wajen ƙarfe goma na hango Inna ta sauko daga mota da 'yar kujerarta ta roba a hannu. Tunda nake, ban taɓa ganin ta a wurin teburin nan ba, ko lokacin da nake yini a nan aike take yi a kira ni. Ta tsallako a hankali, ta ajiye kujerar dab da shi, ta zauna. Ba ta gaishe shi ba. Ta kwance tsohon agogonta daga hannu ta ajiye a gabansa ta ce, "Yana baya da minti goma. Ya daɗe."

Ana cikin haka aka fito shan iska. Yara suka taru a bakin ƙofa, wani mai ƙaton kai ya fara, "Mai Ra..." Inna ta ɗaga masa yatsa ta ce, "Kai, zo nan." Ya zo yana jan ƙafa, sauran suka biyo shi. Mai kantin magani ya fito bakin ƙofarsa, wasu masu wucewa suka rage tafiya.

Ta ce, "Ka karanta shafi na talatin da uku? Ta biyar a jerin, mai wushirya, yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na rasa ta, ba kai ba." Ta faɗa da ƙarfi, ba don yaron kaɗai ba. "Wannan kuma ƙanena ne, ga ni zaune kusa da shi. Gaishe shi."

Yaron ya rusuna ya ce ina kwana. Kawu ya amsa bai ɗago ba.

Ya buɗe bayan agogon, ya gyara abin da zai gyara. Da ya zo mayar da ɗan sukurun sai agogon ya riƙa zame masa. Sau uku yana kaiwa yana kuskurewa, madubin ya jiƙe, ya cire ya goge da riga ya mayar. Na yunƙura zan taimaka, Inna ta harare ni na koma.

Ta matso da kujerarta, ta sa hannu biyu ta riƙe masa agogon har ya ɗaure.